Umma a Ɗakin Sanyin Kifi

Umma ba ta shiri da sanyi. Duk wanda ya taɓa shigowa gidanmu a Gwarinpa ya san haka. Ana kunna fanka a falo za ta tattara ta koma kicin. Da damina in aka ɗan yi yayyafi da safe, sai ka gan ta da rigar sanyi da safa tana mita, mu kuwa muna fifita da murfin kwano. Akwai ranar da na raka ta banki, ta coge a waje cikin rana ta ce in shiga ni kaɗai, wai iskar ciki tana shigar mata ƙashi. Abin dariyar shi ne sana'arta ta kayan sanyi ce. Zoɓo da kunun aya take yi, muna saro ƙanƙara a wurin wata mai sayar da daskararren kifi a kasuwa. Amma ni ke ɗauko ƙanƙarar, ni ke fasa ta. Ita ko da yatsa ba ta taɓawa.

Abu na biyu, Umma ba ta kiran sunan yayata. 'Yar fari ce, Umma kuwa Bakatsiniya ce ta ƙauye, shekarun da ta yi a Abuja ba su rage mata komai ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. "Yayarki" take cewa, in ranta ya ɓaci kuma "waccan". Ba ta yabonta, ba ta zama kusa da ita, ba ta kallonta ido cikin ido in da mutane. Ranar da aka kai Yaya gidan miji kowa na kuka, Umma tana wajen famfo tana wanke tukwanen da aka riga aka wanke. Ni ce auta, kuma ni ban iya ɓoye-ɓoye ba. Na sha ce mata, "Umma, ke fa kika haife ta. Kunyar wa kike ji?" Sai ta ce, "Ke dai ba ki da ta ido."

Shekara biyu bayan bikin, mijin Yaya ya samu aiki a Toronto, can ƙasar Kanada, suka tafi. Ni a lokacin na gama sakandare, jarrabawar shiga jami'a ta kayar da ni sau biyu, ina gida ina taya Umma sana'a. Duk abin da ya shafi waya ko cike takarda a gidanmu, ni ce. Don haka ni Yaya ke turo wa bidiyon garin. Dogayen gine-gine kamar gasa aka yi wurin kafa su, jirgin ƙasa yana bin tsakiyar titi tare da motoci, sai kuma tafkin. Ni da ban san wani tafki ba sai na Jabi, rantsuwa na yi cewa teku ne. Ba a hango ɗaya gefen. Jiragen ruwa na kai da kawo, mutane zaune kan ciyawa, ba mai damun wani. Na so garin nan tun ban je ba, kuma har yau ban je ba.

In ina kallon bidiyon, Umma takan samo aikin da zai sa ta wuce ta bayana. Sau uku za ta share wuri ɗaya. In kira ne na ce, "Umma ga ta, ku gaisa," sai ta ce, "Ki ce ina gaida mutanen gidan," ta yi gaba. Mutanen gidan fa su biyu ne.

Sai Yaya ta samu juna biyu. Likita ya ce haihuwa sai Janairu, tsakiyar sanyinsu ke nan. A wurinmu haihuwar fari gida ake zuwa. Mace ta dawo gaban iyayenta a yi mata wankan jego kwana arba'in, ruwan zafi safe da yamma, a dama mata kunun kanwa, a gasa mata jiki har ta koma daidai. Yaya ba ta da halin dawowa saboda takardun zamansu ba su kammala ba, in ta fito komawa sai an sha wuya. Mijinta ya ce to a turo mutum ɗaya daga gida, zai aiko da takardar gayyata. Amma biza tana ɗaukar watanni, don haka kafin ƙarshen wata yake son a faɗa masa wadda za ta je. In wata ya ƙare ba a faɗa ba, shi ke nan, Yaya za ta haihu ba nata ko ɗaya a kusa.

Baba yana da shagon yadi a wani ɓangare na Gwarinpa. Mutum ne mai gajeriyar magana. Ya ce yayarsa za ta je, Goggonmu ta Mararaba, tunda ita ta saba yi wa 'ya'yan dangi wanka. Goggo ta zo ranar Lahadi da murnarta, har ta fara zayyano waɗanda za ta yo wa tsaraba. Aka kira su ta bidiyo, na jingina wayar a jikin flas ɗin shayi.

"Ɗan nan," Goggo ta ce da mijin Yaya, "an ce kuna da sanyi. Ya kai na Jos?"

Ya yi dariya. "Goggo, kin san firiza?"

"Wadda ake sa nama?"

"To ita. In Janairu ya kama, garin nan gaba ɗaya cikinta yake. Ga iskar da ke tasowa daga tafki. Bakin ruwan ma daskarewa yake yi."

Goggo ta shafa gwiwarta ta dama, ta shafa ta hagu.

"Allah ya sauke ta lafiya," ta ce. "Ni dama kwana biyu gwiwoyin nan ba sa min daɗi. Alhaji, ka nemi mai jini a jika."

Yaya ta ce, "A bar shi kawai, Baba. Akwai wata maƙwabciyata 'yar Sudan, ta ce za ta riƙa leƙo ni."

Na san muryar Yaya. In ta ce "a bar shi kawai" a hankali haka, kuka ne ke tafe da zarar an kashe waya. Sai na ce, "Umma fa?"

Falon ya ɗauki dariya. Goggo har da tafa hannu. "Wannan? Mai gudun fanka?"

Yaya ta ce, "Auta, don Allah kar ki fara. So kike a dawo mana da ita a kwance? Ni ban yarda ba."

Baba ya ce, "Maganar nan ba ta taso ba."

Umma tana bakin ƙofar kicin tana tace zoɓo. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Bayan Goggo ta tafi na bi ta ciki.

"Umma, kina son zuwa ko ba kya so?"

"Miƙo min ludayin can."

"Tambayarki nake yi."

"Na ji ki. Ludayi na ce."

"In kina so ki buɗe baki ki faɗa mana! 'Yarki ce!"

"Ke Auta, bakin nan naki zai ja miki wata rana. Ni zan tsaya gaban babanku da yayarsa in ce a kai ni wurin waccan? Da wane ido?"

"Da naki mana, ga su nan guda biyu."

Ta ɗaga ludayin, na fice.

Bayan kwana biyu ta ce in sa hijabi in raka ta Mararaba. Muka sha cunkoson hanya, muka sauka wurin masu gwanjo. Ta tsaya gaban wani mai dilar kayan sanyi, tana ɗaga jaket ɗaya bayan ɗaya tana matsawa da hannu kamar mai zaɓen tumatir. Ta ɗauki wata baƙa mai kauri da ta kai gwiwa, da rigunan sanyi biyu, da hular ulu. Na ce na wa ne. Ta ce, "Na mai sawa." Na ɗauka Goggo take son lallaɓawa.

Washegari da hantsi ta fito daga ɗaki, na kusa yar da kofin hannuna. Zani biyu ta ɗaura, ta sa rigunan sanyin duka biyu, ta ɗora jaket, ta zura hijabi a kai. A ƙafa kuma safa da silifas. Rana kuwa ta buɗe sosai.

"Umma, lafiya?"

"Tare mana keke. Kasuwa za mu."

Kafin mu isa, zufa na ɗiga daga haɓarta. Mai keken sai leƙenta yake yi ta madubi. Muka sauka a shagon mai kifin da muke sayen ƙanƙara, wadda kowa ke kira Madam. Ƙatuwar mata ce 'yar kudu, ta daɗe a Abuja, tana jin Hausa sosai, sai dai kowa "kai" ne a wurinta.

"Hajiya! Yau kai da kanka? Ba ka da lafiya ne?"

"Lafiya lau. Alfarma nake nema. Ki bar ni in shiga ɗakin sanyin nan naki."

"Me za ka saya? A kawo maka."

"Ba sayayya ba ce. Tsayuwa zan yi."

A nan na gane. Madam ta dube ni, na yi mata bayani a gajarce: Yaya, haihuwa, firiza. Ta riƙe ƙugu tana kallon Umma daga sama har ƙasa, sannan ta je ta ja ƙofar.

Ƙofa ce mai kauri kamar katifa. A ciki kwalayen kifi da na kaji jere har rufi, bango ya yi fari da ƙanƙara, manyan fankoki biyu a sama suna huro iska. Na'urar da ke jikin bango ta nuna sha takwas ƙasa da sifili. Umma ta ce, "Ki duba agogon wayarki." Ta yi bismillah ta shiga.

Minti biyu da rabi ta yi. Ta fito tana karkarwa, haƙoranta na haɗuwa, leɓɓanta sun yi toka-toka. Madam ta taɓa bayan rigarta ta ƙwala ihu.

"Wa ya ce ka sa kaya tun daga gida? Ka jiƙe da gumi ka shiga sanyi! Ruwa ne ka ɗauka ka shiga da shi, Hajiya! So kake ka mutu a shagona 'yan sanda su zo?"

Ta cire mata jaket ɗin, ta zaunar da ita a rana, ta haɗa mata shayi. Ni kuwa tsoro ya kama ni, kuma in na tsorata masifa nake yi.

"Kin gani ko? Minti biyu da rabi! Tashi mu tafi gida kafin a ce ni na kashe ki."

Umma ta riƙe kofin da hannu biyu. Ba ni take saurare ba.

"Ƙafa ce ta fara," ta ce. "Sai ta ƙasan zani. Sai kunne da yatsu. Ƙirjin bai ji sosai ba, rigar nan tana da kyau."

Haka take yi in zoɓo bai yi daɗi ba. Ba ta fushi ta zubar. Ɗanɗanawa take yi ta gano ko citta ce ta yi yawa ko kanumfari ne ya gaza. Ta ɗago ta ce da Madam, "Gobe ƙarfe nawa kike buɗewa?"

Madam ta yi dariya har tana dukan cinya. "Wannan Hajiya! To ji nan. Kaya ka zo da shi a jaka, a nan za ka sa. Silifas ba ya aiki, zan ara maka takalmina. Kuma zani ba ya tare sanyi, ƙasa a buɗe yake. Dole ka sa wando."

"Wando? Ni?"

Duk da tsoron da nake ciki sai da na tuntsire. Matar nan ce fa ta ɗauke min wandon jins ɗina, ta yayyanka shi ta yi tsumman goge kicin.

"Umma, ai da kin bar min nawa da na ara miki."

"Kin ci gidanku."

Amma washegari da wando ta zo, wani mai kauri na maza, ban san inda ta samo shi ba. Ta shiga ɗan ɗakin ajiyar Madam ta shirya, ta ɗaura zani a kai, ta zura dogon takalmin roba. Kafin ta shiga ta nuna ni da yatsa. "In na ji maganar wandon nan a bakin wani, ni da ke ne." Ranar minti shida ta yi.

Da muka koma gida ta ce, "Ki tambayi yayarki, daga ƙofar gidansu zuwa inda suke cefane tafiyar minti nawa ce. Kar ki ce ni na ce." Na tambaya. Yaya ta ce kamar minti goma a ƙafa, in kuma bas za a jira, wani lokaci a kai ashirin, me ya sa nake tambaya? Na ce son sani ne. Na gaya wa Umma. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ashirin ke nan."

Daga nan kullum da hantsi, bayan Baba ya tafi shago mun ƙulla zoɓo, sai kasuwa. Ni ina bakin ƙofa da waya, ita tana ciki. Kullum kuma sai ta fito da sabon darasi. Ta gano 'yan kunne da zobe suna cizo in suka yi sanyi, ta cire su. Ta gano in ta rufe hanci da mayafi numfashi ba ya yankar ƙirji. Ta gano safar hannu ɗaya ba ta isa, sai biyu, siririya a ciki. In ta yi alwala kuma sai ta goge tsakanin yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya kafin ta sa safa. Babban abin da ta gano shi ne tsayuwa wuri ɗaya ta fi komai kashe jiki. Sai ta fara jera wa Madam kwalaye, na kifi gefe, na kaji gefe, tsofaffi a gaba. Madam ta ce tun da ta buɗe shagon ɗakin bai taɓa tsaruwa haka ba.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. A kwana na shida mura ta kama ta, har Baba ya tambaya, ta ce kunun aya ta ɗanɗana da sanyinsa. Ta kwanta yini guda tana shan citta da lemun tsami, ranta a ɓace, ba don ciwon ba, don ranar da ta rasa. Da ta koma sai ta faɗo daga minti sha huɗu zuwa tara. Na ce, "Kin gani, jikinki ya gaya miki gaskiya." Ta ce, "Jikin nawa ne ko naki?" Ni da nake tsaye a inuwa har na gaji da zuwa. Ita da ke cikin firiza ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

A zuwa na goma sha ɗaya ta yi minti ashirin da ɗaya. Ta fito da kanta, ba karkarwa, sai dai hancinta ya yi ja. Madam ta rungume ta tana rawa. Saura kwana uku wata ya ƙare.

A keke na ce, "To yanzu fa? Kin yi ashirin. Sai me?"

"Sai mu gode wa Allah."

"Wa zai gaya wa Baba? Kifin?"

"Ba ke ba dai."

"Umma, gata fa ake rufe magana!"

"In da rabo zan je."

Wannan ne ya fi ƙarfin tunanina. Mace ta iya shiga firiza sau goma sha ɗaya, amma ta kasa buɗe baki gaban mijinta ta ce a kai ta wurin 'yarta. Ta shirya tsaf, ta zauna tana jiran a lura. Su kuwa ba wanda zai lura, don ba wanda ya sani. Na yini ina cizon yatsa. Ta hana ni faɗa, ni kuma in abu ya tsaya min a wuya ba na iya cin abinci.

Washegari na bari ta shiga ta yi minti biyar, sannan na fita bakin titi na kira Baba.

"Baba, ka zo kasuwa wurin mai kifi yanzu-yanzu. Umma tana cikin firiza."

Na kashe. Ya kira, ya sake kira, ban ɗauka ba. Ban dai yi ƙarya ba ko ta kalma ɗaya.

Baba mutum ne da ko ruwan sama ba ya sa shi sauri. Ranar ya diro daga keke tun bai gama tsayawa ba, hula a hannu, tef ɗin awon yadi rataye a wuyansa.

"Tana ina? Me ya same ta?"

Na nuna masa ƙofar. Ya ja ta ya faɗa ciki da shaddarsa da takalminsa buɗaɗɗe. Ina leƙe daga bakin ƙofa. Umma ta ba mu baya, da kwali a hannu. Ta juyo. Idanunta kaɗai ake gani tsakanin hula da mayafi.

"Hajiya?"

"Na'am, Alhaji. Sannu da zuwa."

Kamar a falo ya same ta.

"Me kike yi a nan?"

"Baiwar Allah nan nake taya gyaran kaya."

Baba ya buɗe baki zai ƙara magana, sanyi ya shige masa. Ya yi tari, ya ja da baya, ya fito yana murza damatsa.

"Innalillahi! Wannan wace irin azaba ce?"

Madam ta ce, "Alhaji, kai ko minti ɗaya ba ka yi ba. Matarka sau goma sha biyu yana zuwa. Jiya ashirin da ɗaya ya yi. Saboda yarinyarku da zai haihu."

Baba ya dube ta, ya dube ni, ya dubi ƙofar. Na ɗauka Umma za ta biyo shi. Sai muka ji muryarta daga ciki.

"Auta, nawa?"

"Sha bakwai."

"Da saura."

Haka Baba ya tsaya a rana da hula a hannu yana jira, har minti ukun suka cika. Ta fito ta zare safar hannu ɗaya bayan ɗaya, kanta a ƙasa. Ya dubi takalmin robar, ya dubi ƙafar wandon da ta leƙo ta ƙasan zani. Na shirya jin faɗa. Sai ya juyo gare ni.

"Ke, zo nan. Kin san da hawan jinina kika yi min irin wannan kira?"

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Za mu yi wannan maganar a gida." Ya sa hularsa, ya gyara mata zama. "Fasfon Ummanku na Makka, da sauran kwanansa?"

"Da saura sosai."

"To ki ɗauki hotonsa yau ki tura wa mijin yayarki. Ki ce in ji ni."

Umma ta ce a hankali, "Ni dai ban ce komai ba, Alhaji."

"Na sani," in ji Baba. "Ni na ce. Aikenki nake yi, sai ki je."

Ya tare keke ya koma shago. Ni da nake ganin kunyar nan tasu ɓata lokaci ce, ranar na ga yadda mutum ke ɗauke wa wani nauyi ba tare da ya sa shi ya roƙa ba. Har yanzu ba na jin zan iya irin nasu. Amma na daina raina shi.

Saura Yaya, wadda ta ce ba ta yarda ba. Ina da bidiyon da na ɗauka a ɓoye tun zuwa na tara, Umma tana ɗaga kwali, hayaƙin sanyi na fita ta cikin mayafinta. Na tura mata tare da hoton fasfon, ban rubuta komai ba. Bayan la'asar ta kira, muryarta ta dushe.

"Ba ni Umma."

Na miƙa wayar. Umma ta nuna min hannayenta. "Ba kya ganin aya nake wankewa? Ki ce ta daina kuka, ba kyau ga mai ciki. Kuma ki tambaye ta ko suna da babbar tukunya ta dafa ruwa."

Yaya ta yi dariya cikin kukan. "Ki ce mata ruwan zafi daga famfo yake fitowa."

"Na famfo ba ruwan wanka ba ne. Su nemi tukunya."

Kwana biyu Umma ba ta amsa gaisuwata da kyau ba saboda kiran da na yi wa Baba. A na uku ta aike ni in nemo mata takalmi mai gashi a ciki, daidai ƙafarta da safa biyu. Muka je ofishin biza a Maitama aka ɗauki hoton yatsunta, muka zauna jiran biza. Duk tsawon jiran, sau ɗaya a mako sai ta je wurin Madam, wai kada jiki ya manta. Bizar ta fito da sauran 'yan makonni. A filin jirgi, maimakon ta ce za ta yi kewata, sai ta ce in na ƙona mata tukunyar zoɓo za ta sani tun daga can.

Mace Yaya ta haifa. Da a gida ne, Goggo ce za ta yi wankan, Umma iyakarta hura wuta da dafa ruwa. A can babu Goggo. Kwana uku da haihuwar na kira su bayan azahar, su kuma safiya ce a wurinsu. Yaya tana kwance da jaririyar, Umma ta zo wucewa da tawul a kafaɗa.

"Umma, ya sanyin?"

"Cikin gida kamar Abuja, har zufa nake yi. Waje kuwa, ki gaya wa Madam nata wasa ne. Nata wuri ɗaya yake tsaye. Wannan bin mutum yake yi, ka juya ya juyo."

"Kin fita ke nan?"

"Jiya na je na sayo citta. Ni kaɗai."

"Kin ga tafkin?"

Ta ɗan tsaya. "Na gan shi. Ikon Allah. Ruwa iyakar ganinka, bakinsa fari fat, ga wasu tsuntsaye zaune a kai, ko a jikinsu." Ta waiga wajen kicin. "Ku ajiye wayar nan haka, ruwa ya tafasa."

Yaya ta matso da fuskarta jikin wayar tana raɗa. "Auta, ki cece ni. Wallahi matar nan dafa ni take yi safe da yamma."

"Saura kwana talatin da bakwai," na ce. "Allah ya ba da haƙuri."

Ta ce in ta dawo sai ta fasa min baki. Ta ajiye wayar a kan gado, ta manta ba ta kashe ba. Rufin ɗakin kawai nake gani. Na ji ƙarar murfin tukunya, na ji ana juye ruwa a bokiti, jaririyar ta ɗan yi ƙorafi ta yi shiru. Can sai ga muryar Yaya daga banɗaki, "Wayyo Umma, da zafi!" Umma kuma tana cewa, "Tsaya mana, ai ban ma fara ba." Na gyara zama a kan tabarma, na ƙara muryar wayar.